Akwai, Mutumin da Ya Samo wa Motar Babanmu Ƙafa

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan jiya, da hantsi, Allah ya karɓi ran mai sayar da kayan ƙafar mota da ke ƙarshen layin 'yan kayan gyara, wanda babba da yaro suka sani da laƙabin Akwai. Ina kan keken ɗinki da allura a baki bakanikena ya kira ni. Bai yi mini irin gaisuwarsa da rabinta tsiya ce ba. Cewa kawai ya yi, "Tela, Akwai ya rasu." Na zare allurar daga bakina, na daɗe riƙe da ita, na rasa inda zan soka ta.

Masu karatu ku yi mini uzuri, ni ba marubuci ba ne, tela ne. Aji biyu na yi a sakandare, shi ma na biyun yawancinsa a wajen taga na yi shi, ina leƙen waɗanda ke ciki. Wannan rubutu ɗaya daga cikin 'yan biyuna ce ta duba mini shi. Duk inda kuka ga ya tafi daidai hannunta ne, inda kuka ga ya karkace kuwa nan ne na hana ta taɓawa. In kuma kun ji ina dariya a cikin ta'aziyya, kada ku ce ba ni da kunya. Na gwada rubuta ta da fuska a ɗaure, sai na ga kamar wani mutum daban nake yi wa, ba shi ba.

Akwai, da kai nake yanzu. Sunan nan da bakinka ka jawo shi, domin duk abin da aka zo nema wurinka, kafin mutum ya rufe baki ka ce masa "Akwai!" In yana cikin shago ka miƙo, in ba ya ciki ka saɓi hularka ka tafi nemansa. Ni ma kai ka raɗa mini nawa. Ranar da ka ji tarihin karatuna ka ce daga yau ni Farfesa ne, sunan ya bi ni har gida, yanzu in matata ta so ɓata mini rai da shi take kirana.

Abin da ya haɗa mu motar babanmu ce. Baba ya saye ta tun ba a haife ni ba. Irin ta dā ce, mai zagayayyun fitilu, da bamba mai ƙyalli da mutum zai duba haƙoransa a ciki, da kujerar baya mai faɗi kamar gado. Da Baba ya rasu aka ɗora ta a kan bulo a tsakar gidanmu na gado, ta zauna. Ciyawa ta fito a ƙarƙashinta, kyanwa ta haihu a cikinta ta kuma yaye, 'yan biyuna da bambarta suka koyi tsayuwa, ga shi yau har sun fi ni tsawo, ilimi kuwa ba a magana. Ni ko ina ta lallaɓa ta kaɗan-kaɗan. Kujerun ni na ɗinke su da hannuna, kuma a nan kam ba na jin kunyar kowa. Bakanike ya tayar da inji, mai fenti ya mayar mata da launinta na asali. In na murɗa makulli sai ta yi gurnani maƙwabta su leƙo, amma ko taku ɗaya ba ta yi. Mota ce mai murya, ba ƙafa. Shokozoba, wato ƙarafan nan da ke shanye gargada, duk sun zubar da mansu sun bushe. Sifirin na baya, naɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota, ɗaya ya karye. Robobin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe kuwa sun zama gari. Kamfanin da ya yi ta ya daina yin kayanta tun ina saurayi. Duk shagon da na shiga na faɗi irin motar, sai mai shagon ya kira maƙwabcinsa ya zo su yi dariyar tare.

Motar tamu ce mu biyu, ni da Yayata, kuma ita ce ke zaune a gidan. Ni haya nake a bene, ko keke da ƙyar nake samun inda zan jingina. Yaya ta yi haƙuri, wannan ba zan ɓoye ba. Amma ɗanta ya girma yana buƙatar ɗaki, kuma ba wani fili a gidan sai inda motar take. Wata rana ta sa aka kira ni, na tarar har ta kawo ɗan gwangwan, mai sayen tsohon ƙarfe, yana zagaya motar yana ƙwanƙwasa mata jiki kamar mai zaɓen kankana. Ta ce, "Ƙanena, ba faɗa na kira ka ba. Ranar da magina za su ja igiya, ko motar nan ta fita daga tsakar gidan nan da ƙafarta, ko ta fita gunduwa-gunduwa a kan kurar mutumin nan. In ta fita da ƙafarta, ni da kaina zan sa a yi mata rumfa a bakin ƙofa." Ta yi wannan alkawari cikin kwanciyar hankali, don ta san ba za ta taɓa sayen kwanon rumfar ba. Ni kuwa na leƙa na dubi sitiyarin, wurin da ya suɗe daidai inda Baba yake riƙewa.

Bakanike ne ya ce in zo wurinka. Na tuna shagon kamar yanzu nake ciki: siriri, mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya juya kafaɗa, sifirin rataye a ƙusoshi har rufi, warin roba da baƙin mai, da tsohuwar kujerar mota a bakin ƙofa wadda kowa ke zama a kai ban da mai ita. Na faɗi irin motar ina jiran dariya. Sai na ga idonka ya kawo haske kamar an yi maka albishir. Ka ce, "Har yanzu akwai mai irinta a raye? Akwai! Kayanta akwai!" Na ce ina suke? Ka ce, "Ban sani ba tukuna." Wallahi tun daga ranar na san na samu abokin hauka.

Kai ka fahimtar da ni cewa in kamfanin mota ya daina yin kaya, ba shi ke nan duniya ta ƙare ba. Akwai wasu kamfanoni da ke yin irinsu, su ake kira na kasuwa. A cikinsu wani ya fi na asalin ƙarko, wani kuwa gwangwani ne aka shafa wa fenti mai kyau. Aikinka shi ne rarrabe su. Ba ka yarda da kwali ba, ba ka yarda da hoton waya ba. Ka ce in kwance tsofaffin kayan in kawo maka su a buhu. Haka na shigo layin da buhu a kafaɗa yana ƙarau-ƙarau, ni da ke ɗinka wa manyan mutane kaya, har wata mata ta tsayar da ni tana tambaya ko ina sayen tsohuwar tukunya.

Yadda kake gwada shokozoba ma abin kallo ne. Ka kafa ta a ƙasa, ka ɗora ƙirjinka a kai ka danne, sa'annan ka saki ka tsura mata ido. In ta taso a hankali, cikin nutsuwa, sai ka gyaɗa kai. In ta zabura ta miƙe, ko ta yi kwance ta ƙi tashi, sai ka mayar da ita kwali ka ce, "Wannan ba ta da tarbiyya." Na gaban ba su ba ka wahala ba. Na bayan ne suka gagara, duk wadda aka kawo ko ta yi tsawo ko bakinta bai yi daidai ba. Ka kira na kira, ka aika na aikawa, ka shiga wuraren da ake yanka matattun motoci ka fito da tsatsa har gira.

Sai ranar nan da ba zan manta ba. Muna zaune a bakin shagonka wata 'yar motar raba burodi ta zo wucewa, ta faɗa ramin da ke tsakiyar layin ta fita. Ban ga komai ba. Kai kuwa ka miƙe zumbur ka bi ta da gudu, da furfurarka, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hanya, kana ihu, "Mai burodi! Mai burodi, tsaya!" Direban ya taka birki yana murna ya samu ciniki. Ka sayi burodi ka miƙa mini, ka ce masa, "Ɗana, ka ba ni aron ƙarƙashin motarka." Kafin ya gane abin da kake nufi ka shige, ƙafafunka kawai ake gani. Can sai muka ji murya daga ƙasa: "Farfesa! Kawo buhun! Ita ce! Wallahi ita ce!" Ashe shokozobar wannan 'yar mota, ta wani kamfani can daban, tsawonta da bakinta daidai suke da na motar Baba, kuma na kasuwanta cike suke a gari. Ka fito da ƙura a ƙeya, ka rungume mai burodi, ka rungume ni, burodin ya lotse a tsakaninmu. Ran nan na koma gida ina waƙa a hanya. Matata ta dube ni, ta dubi burodin, ta ce, "Farfesa, wannan kuma mota ce ta taka shi?"

Ni ma na so in nuna bajinta. Na yi ta yawo har na samo robobi na asali a wani tsohon shago, a cikin ledarsu, da tambarin kamfanin a jiki. Na kawo maka ina taku ɗai-ɗai kamar wanda ya ci jarrabawa. Ka buɗe ɗaya, ka shinshina, ka lanƙwasa ta da yatsa biyu, ta ce ƙas ta rabe kamar biskit. Ka ce, "Ta asali ce kam, sa'arka ce ma. Roba ko tana kwance a kwali tsufa take yi." Ba ka bar ni da kunyata ba, ka ce in ajiye ledar don tambarin yana da kyau. Washegari ka samo sababbi na kasuwa, masu laushi, suna warin sabunta.

Ba ni kaɗai ka yi wa irin wannan ba. Direbobin layin nan sun sani. Ba ka taɓa sayar wa mutum shokozoba ɗaya ya haɗa da tsohuwa ba, sai dai ka ce ya je ya dawo in ya shirya ɗaukar biyu, ko da kuwa zai fita ya saya a shagon da ke kallon naka. Wanda ya zo da niyyar canza ƙafa gaba ɗaya, ka fita ka girgiza motarsa ka ce masa roba ɗaya ce ta mutu, ya canza ta ya tafi. 'Yan'uwanka 'yan kasuwa suna ce maka kana korar arziki da hannunka, kai kuwa kana cewa mutanen nan iyalinsu suke ɗauka.

Saura sifirin. Wannan kam ba a same shi ko'ina ba, sai dai a naɗa sabo, kuma mai naɗawar yana wani gari. A makon ne jikinka ya fara matsa maka, kana kwance a gida, sai ka kira ni a waya ka ce in auna wanda bai karye ba in faɗa maka tsawonsa, ka aika. Jama'a, awo aka ce. Awo kuma sana'ata ce, a nan ne Farfesa zai nuna farfesancinsa. Na ciro tef ɗina daga wuya na auna tsaf. Sai dai hannun tela ba ya faɗar awo tsirara. Tun ina koyon aiki maigidana ya koya mini cewa kullum a ƙara rara, saboda ɗinki, saboda wanki, saboda mai riga zai iya ƙiba. Ban ma san na yi ba. Na ƙara yatsa huɗu na faɗa maka.

Da aka kawo sababbin sifirin guda biyu, bakanike ya ɗaura, muka sauke motar don gwaji, sai ga ta ta ɗaga baya sama ta sunkuyar da hanci ƙasa, kamar kaza tana tsattsagar hatsi. Ka zo da sandarka ka tsaya ka daɗe kana kallo. Ka ce, "Farfesa, da me ka auna?" Na nuna tef. Ka ce, "Ka ƙara wani abu?" Na ce, "Ɗan rara kawai." Ka zauna a kan bulo ka yi dariya har tari ya sarƙe ka, hawaye na zuba, ka ce, "To shi sifirin ƙiba zai yi nan gaba, ko aure zai yi?" Yaya tana bakin ƙofar ɗakinta da hannu a ƙugu, ta ce, "Ai gara ma da tana kan bulon, ta fi mutunci."

Ni dai dariyar ba ta kai mini ciki ba, don a lokacin an riga an sauke yashi a ƙofar gida, an jibge buhunan siminti a jikin bango, magina sun sa rana. Bakanike ya ce a yanke rarar da wuta a huta. Ka ce a'a, sifirin da aka yanke taurin kai yake yi, zai riƙa dukan bayan mutane, kuma ba za a yi wa motar nan haka ba bayan duk jiran da ta yi. Ka sa tsohon da bai karye ba a buhu, ka hau motar haya da kanka zuwa garin mai naɗawa, ka zauna masa a bakin maƙera ka ƙi tashi har ya ajiye aikin wasu ya yi naka. Ka dawo da su a kan cinyarka, ka ƙi yarda a sa su a but ɗin motar. Na tare ka a tasha na ga ka faɗa, wuyan rigarka ya yi maka yawa, idon tela ba ya kuskure wannan. Na ce, "Akwai, jikin fa?" Ka ce, "Bar jiki, taɓa ka ji ƙarfe!"

Ana gobe magina za su ja igiya muka taru da la'asar. Ɗan gwangwan ya riga ya iso, ya ajiye kurarsa a ƙofar gida, yana zaune a kai yana shafa gudumarsa. Bakanike ya ɗaura komai, ya ɗauki sifana zai ɗaure notocin tamau, ka ɗaga sanda ka ce ya dakata. Ka ce notocin da ke riƙe robobi ba a ƙarasa ɗaure su mota tana sama, don da ta sauka robar za ta murɗe, ba ta daɗewa ta yage. Sai an sauke ta nauyinta ya hau tayoyinta. Bakanike ya ce ya sani. Aka jera katakai masu kauri a ƙarƙashin tayoyin yadda zai samu wurin shiga, aka sauke jak. Motar Baba ta tsaya da ƙafarta! Na yi kabbara har kyanwar ta tsallake katanga.

Ka ce, "Da saura. Mutanenta su shiga. Yadda za ta riƙa ɗaukarsu, haka za a ɗaure ta." Na shige mazaunin direba, matata ta zauna kusa da ni, 'yan biyu suka faɗa baya suna ƙyalƙyala dariya. Ka zagaya kana cusa yatsunka tsakanin taya da jikin mota, ka zo bayan direba ka tsaya, ka girgiza kai. Ka ce, "Nan ba kowa." 'Yar biyun da ke wurin ta ce, "Baba, ga ni fa." Ka ce, "Ke ai iska ce, 'yata. Farfesa, lokacin mai motar wa ke zama a nan?" Na ce Yaya ce, ba ta taɓa yarda wani ya zauna bayan Baba ba, ni kullum a tsakiya ake matse ni. Bakanike ya leƙo daga ƙasa ya ce, "Ga siminti can, a ɗora buhu biyu mana." Ka ce, "Siminti ba ya jingina."

Ka dogara sandarka har bakin ƙofar ɗakinta ka yi sallama. Ka ce, "Babbar yaya, aron nauyinki muka zo." Ta ce, "Au, wato ni ce buhun da kuka rasa?" Ka ce, "Haba, ranki ya daɗe, buhu ga shi can jibge. Mai wurin muke nema." Can ta fito tana gyara mayafi tana mita, wai don dai furfurarka ce, wai ita tana da abin yi, wai mun mayar mata da gida gareji. 'Yan biyu suka matsa. Ta buɗe ƙofar, ta zauna. Motar ta nutsa a hankali, ta ɗan taso, ta tsaya cik. Ba ƙara, ba kuka. Ka sa yatsu ka auna, ka ce wa bakanike, "Yanzu ɗaure."

Daga ƙasa ya ce kada kowa ya motsa. Haka muka zauna, mu biyar, a cikin motar da ba ta tafiya, ba mai magana, sai ƙarar sifana. Na saci kallon Yaya ta madubi, na ga ta kama madaurin da ke saman ƙofa ba tare da ta duba inda yake ba, mitar ta ɗauke. Tun rasuwar Baba ni da ita ba mu taɓa zama wuri ɗaya muka yi shiru haka ba, kullum ko tana faɗa ina zolaya, ko ina zolaya tana faɗa. Can sai na ji ta ɗan dungure mini kai ta baya, ta ce da wata murya da ban san ta da ita ba, "Ƙeyar nan taka sak ta Baba."

Bakanike ya fito yana goge hannu ya ce an gama. Matata ta sauka ta ba ka gaba. Aka sa jak aka janye katakan, aka wangale ƙofar gida, na murɗa makulli, na sa giya. Ta motsa! Jama'a, ta motsa! Ta tsallake kwatar bakin ƙofa kamar ba ta taɓa zama ba. 'Yan biyu suna ihu, maƙwabta suka fito, bakanike yana bin mu a guje da sifana a sama. Akwai wani rami a titinmu da kowa ke kauce masa, na karkata sitiyari zan kauce, ka dafa mini hannu ka ce, "Ina za ka? Shige shi!" Na rufe ido ɗaya na shige. Motar ta sunkuya ta tashi lumui, kamar an ɗaga mu an ajiye a kan katifa. Ka rufe ido, ka jingina, kana saurarenta da bayanka, sa'annan ka buga tafin hannu a cinya ka ce, "Ta zauna! Farfesa, ta zauna! Koma mu sake!" Muka koma muka sake. Ramin da gari ke zagi, ran nan sai da muka gaishe shi ya fi a ƙirga.

Da muka dawo ƙofar gida ɗan gwangwan yana nan tsaye riƙe da guduma. Yaya ta murɗa gilashi ƙasa, ta leƙa ta ce, "Malam, ja kurarka, yau ba kasuwa. Gobe ma babu." Ta juyo kaina ta ce, "Kai kuma ka rage gudu, Baba ba haka yake tuƙi ba." Washegari magina suka zo, ta sa suka fara kafa rumfar kafin su taɓa ɗakin. Kuma don ku san ƙarshen nasarata, makullin yana hannunta, wai rabin motar nata ne, kuma rabin da makulli yake ciki ne nata. Yanzu ba mako da zai wuce ba ta kira ni in kai ta unguwa ba. Na yi shekara da shekaru ina neman mota, na ƙare da samun aikin direba ba albashi, kuma ban taɓa jin daɗin aiki kamarsa ba.

Bayan wannan rana ba ka ƙara zama sosai a shago ba. Na je duba ka a gida, na tarar da kai kwance, muryarka ta yi ƙasa. Kafin in tambayi jikinka ka riga ni: "Tana ja gefe?" Na ce ba ta ja. Ka ce, "In ta yi wata ɗaya a kai ta a sake duba notocin." An kai, Akwai, an duba, lafiya lau suke. Na so in zo in faɗa maka da bakina, Allah bai nufa ba.

Da muka je gaisuwa, ni da Yaya, mai ɗakinka ta faɗa mana abin da ka ɓoye. Ashe tun kafin tafiyar nan taka wurin mai naɗa sifirin likita ya hana ka wahala, ya ce ko shago kada ka riƙa fita. Ranar da motar ta fita da ƙafarta kuwa ce mata ka yi za ka karɓo magani. Ta ce, "Na san ba can ya je ba, don ba a dawowa daga karɓar magani da baƙin mai a hannun riga. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na ga yana ta dariya shi kaɗai, ya ce in zubo masa abinci. Rabon da ya cinye kwano har na manta. Sai na ƙara masa." Yaya ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo gare Ka. Mun shaida bai cuci mai saye ba, bai sayar da abin da ya san zai jefa iyalin wani cikin haɗari ba, kuma ya tashi daga kan gadon jinya don ya faranta wa wasu rai. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwancinsa, Ka haskaka shi, Ka sauƙaƙa masa tambaya, Ka sanya shi a Aljanna tare da bayinka na gari. Ina miƙa ta'aziyyata, da ta Yaya, da ta matata da 'ya'yana, ga mai ɗakinsa, da 'ya'yansa da jikokinsa, da 'yan'uwansa, da dukkan mutanen layin 'yan kayan gyara. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya albarkaci abin da ya bari, ya tsaya muku a inda yake tsaya muku. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani, ya sa a samu waɗanda za su tuna mu suna share hawaye suna dariya, kamar yadda muke tuna shi. Amin.